Kurkunun Baba da Tsohon Takarkari

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Jikokina ne suka matsa mini in rubuta wannan, don sun ce kullum na ɗauko labarin sai in yanke shi a tsaka. Yaran yanzu ba su san kurkunu ba, Allah kada ya sanar da su. Amma ina so su ji yadda muka kusa rasa surukina saboda gardama da yawan masu shawara, su kuma ji abin da ya tashe shi daga tabarma.

Ni 'yar Bodinga ce. Mahaifina ma'aikacin En'e ne, kuma a zamanin Turawa in aka ce a kawo 'ya'ya mata makaranta, a kan irinsu ake fara sauka. Haka na yi shekara huɗu a makarantar 'yan mata a Sakkwato. Ranar da zan baro, wata malama ta ba ni littafi ɗaya, na yara, wanda aka juyo zuwa Hausa daga wani harshe. Gara ta cinye bangonsa tun da wuri, sunansa ma ya ɓace mini. Labarin wasu dabbobi ne da tafkinsu ya ƙafe, suka kama hanyar neman gulbi. Akwai kurege mai yawan surutu, da bushiya matsoraciya, da zalɓe mai ji da kansa, sai jagoransu, wani tsohon takarkari, wato bijimin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar kayan fatake har bayansa ya yi kanta.

Aka yi mini aure a Horo Birni, can ƙasar Shagari. Mahaifin maigidana, wanda duk gidan ke kira Baba, manomi ne mai 'yan shanu, kuma da ƙuruciyarsa ya yi fatauci. Shekara bakwai ina gidansa ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi, daga bayan zana nake durƙusawa, shi kuma ya amsa kamar da iska yake magana. In yana da saƙo gare ni, ta bakin Inna, uwar mijina, zai zo. Haka kunya take a lokacin, ba ƙiyayya ba ce. Sai dai boko kam ba ya so. Tun zuwana ya ce takardar Nasara kada ta ratsa zaurensa, don haka littafina ya kwanta a ƙasan adudu, ƙarƙashin zannuwa.

Saura 'yan shekaru Turawa su tafi abin ya faru. Damina ta sauka da kyau, gero ya tsiro, an shiga noman fari. Baba ya dawo daga gona wata rana yana susar jiki, da zazzaɓi sama-sama. Kwana biyu sai bororo ya fito masa a idon sawun dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Ba abin da ke ba shi sauƙi sai ya tsoma ƙafar a ruwa. Da bororon ya fashe sai ga kan tsutsar kurkunu, fari, siriri kamar zare. Ba wanda ya tsorata. Kowace damina sai ta kwantar da mutane a garin. Inna ta samo tsinke ta naɗe kan, tana shafa man shanu, kullum da safe ta murɗa kaɗan, abin da bai kai gaɓar yatsa ba.

A mako na biyu wata ta huda a gefen gwiwa. Nan haƙurin Baba ya ƙare. Yana kwance yana jin maƙwabta suna wucewa da kalme, wato fartanya, a kafaɗa, shi kuwa ciyawa tana cin gonarsa. Wata safiya Inna ta tafi ɗebo wuta, ya kama tsinken ya ja da ƙarfi. Tsutsar ta tsinke, ragowar ta koma ciki. Kafin kwana uku ƙafar ta kumbura ta zama kamar turmi, tana ƙyalli, ba ya iya ko juyawa.

Mako na uku shi ne makon masu shawara. Kowa ya shigo dubiya sai ya bar nasa maganin. Wannan ya ce ganyen tumfafiya, wancan ya ce kashin shanu da ɗuminsa, aka yi duka. Ƙanwar Baba, Gwaggo, ta taho takanas daga Kajiji da wani wanzami, ta ce sakiya kaɗai ta rage. Ina ɗakin girki na ji ƙaurin ƙarfen da aka gasa, na ji nishin Baba sau ɗaya, don shi ba mai kuka ba ne. Wanzamin ya tafi da zakara da goro, ya ce kwana uku za a ga canji. An gani kuwa. Ƙafar ta fara ɗoyi, zazzaɓi ya daina sauka, Baba ya daina cin abinci. Maigidana da ƙanensa suka ajiye kalme suka tare a ƙofar ɗakinsa.

Ɗiyata ta fari, Kulu, shekararta shida a lokacin. Ita ce abokiyar wasan Baba, amaryarsa yake ce mata. Da aka hana ta shiga wurinsa sai ta kama rigima, ba ta ci, ba ta wasa. Na rasa abin lallashi. Wata la'asar na ɗaga zannuwan nan na ciro littafin, na ja ta gindin wata bishiyar bedi da ke bayan ɗakin Baba, don nan ne kaɗai inuwa, na fara karanta mata can ƙasa-ƙasa. Ta yi tsit. Washegari ita ta ɗauko mini shi.

Rana ta uku ina tsakiyar inda kurege ke yi wa zalɓe ba'a a kan tsawon wuyansa, sai murya ta fito ta cikin bango, a shaƙe.

"Kulu."

"Na'am, Baba."

"Ki ce ma kurege shi ɗaga murya. Tsoho bai ji."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe littafin zan tashi, sai ga Inna ta leƙo ta kusurwar ɗaki tana yi mini alama da hannu in zauna. Ta matso ta raɗa mini, "Kwana huɗu ke nan bai ce uffan ba sai yanzu. Ci gaba, ɗiyata."

Na ci gaba.

Daga ranar kullum bayan la'asar sai mu zauna, ni da Kulu a waje, shi a ciki, bango a tsakani. Bai taɓa yi mini magana ba. Da dabbobin yake yi, ta bakin jikarsa. "Kulu, ki ce ma bushiya tsoro bai kashe ƙishirwa." "Kulu, zalɓen ga na san shi, da shi munka yi Gwanja." In kurege ya yi wata ɓarna sai mu ji dariya ta kuɓuce masa, ta ƙare da tari. Amma takarkarin ne ya kama zuciyarsa. Akwai wurin da aka ce in takarkarin zai kwanta sai ya karkata hagu, don shekaru da yawa nan ne kaya suka fi yi masa nauyi, ga shi kuma ba kayan yanzu. Baba ya sa aka maimaita wurin sau uku. Sannan ya ce, "Wanda yar rubuta abin ga, ko Nasara na, ya bi bayan takarkari. Ba a sanin wanga daga zaune."

Gaskiya ya faɗa. Na karanta littafin nan ina yarinya don dariya, sai a gindin bedin nan na gane aikin da aka yi a cikinsa. Kowace dabba tana magana kamar mutum, amma ba ta daina zama dabbar da take ba. Bushiya in ta ji kunya sai ta dunƙule a tsakiyar zance. Ba wanda aka mai da mugu, ba wanda aka mai da waliyyi. Ba a tsaya yi maka wa'azi ba, kai da kanka za ka ga maƙwabcinka a ciki, in ka ƙara dubawa ka ga kanka.

Inna ta mai da abin dabara. In na kai wurin da ya fi daɗi sai ta ɗaga mini hannu in dakata, ta shiga da ƙwaryar koko, ta ce, "Mai karatu ta ce sai ƙwarya ta hito wayam." Ni ban ce ba, amma ƙwaryar tana fitowa wayam.

A mako na huɗu muka zo wurin da na manta da zafinsa. Saura tafiyar kwana biyu su isa gulbi, kofaton takarkari ya tsage. Ya kwanta gindin wata ƙirya, ya kwatanta musu hanya dalla-dalla, ya ce su tafi, shi iyakarsa ke nan. Suka yi kuka, suka roƙe shi, ya rufe ido. Suka tafi. Bushiya ce ta ƙarshe, tana tafiya tana waiwaye. Kulu ta fashe da kuka. Daga cikin ɗaki kuwa sai muka ji, a natse, "Madalla. Haka namiji ka yi."

Abin da na ji tsoro kuwa shi ya faru. Washegari ya kira 'ya'yansa ya ce su koma gona su bar shi da Allah. Maigidana ya durƙusa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri mu kai ka Bodinga. An ce malamin asibitin can yana da allura mai kashe ruɓa. Ga gidan surukaina, wurin sauka bai gagara."

"Ƙahwata ba ta zuwa Bodinga," in ji Baba. "Yanke ta za su yi. Da ita anka haihe ni, da ita za a bizne ni. Kuma in tai in kwanta zauren surukai ina ɗoyi? Tashi ka ba ni wuri."

Liman ya zo, mai gari ya aiko, Gwaggo da kanta ta janye maganar sakiya ta biyu ta roƙe shi. Ko gezau. Ƙafar ta yi baƙi, baƙin ya fara hawa sama da gwiwa. 'Ya'yansa suka ƙi komawa gona, gero ya nutse cikin ciyawa, maƙwabta har sun fara noma na biyu mu ba mu gama na fari ba. Abu ɗaya kawai yake nema: da muka kai ƙarshen littafin, ya ce a koma farko.

Na koma. Ina karantawa ina tsallake wasu wurare don in yi sauri, shi kuma jikin ya yi nauyi har bai kula ba. Ran Laraba ta mako na biyar muka sake isowa gindin ƙiryar. Tun safe nake juya abin a raina. Ni ba ni da bakin da zan yi wa surukina magana, balle in ce masa ya yi kuskure. Amma bushiya tana da shi.

Na karanta har inda takarkari ya ce su tafi. Sai na ɗora yatsa a kan takardar, na ɗaga murya, na ci gaba da abin da ba ya ciki. Na ce kurege ya ajiye guzurinsa ya zauna. Zalɓe ya naɗe ƙafa ya zauna. Bushiya, wadda ba ta taɓa yi wa babba magana ba, ta matso ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ka ga kamar sauƙi ka yi muna. To mu ba mu tahiya. In ka kwanta nan, nan za mu bushe tare da kai, da mu da ƙanananmu. In kana son mu sha ruwan gulbi, sai ka tashi, ko da jan ciki na. Kai ka ɗauki kayan mutane shekara da shekaru, yau kwana biyu kacal ka bari a ɗauki naka."

Kulu ta ɗago kai ta ce, "Ba haka ba na!" Na toshe mata baki.

Na tabbata yau zan koma gidanmu da saƙon kora.

"Kulu."

"Na'am."

"Takardar ga ta sake baki. Wancan karon ba haka tac ce ba."

Can sai ya ja dogon numfashi.

"Bushiyar ga ba ta da kunya. Ki ce ma ubanki shi ɗaura ma jaki akumari."

Da sassafe aka ɗora shi, mutum biyu suna riƙe da shi ta kowane gefe, har Shagari. A can muka yini bakin hanya muna jiran mota. Wadda ta fara zuwa, direban ya ji warin ƙafar ya ce ba wuri, Allah ya shirye shi. Ta biyu, motar gyaɗa ce, ta ɗauke mu a kan buhuna. Tunkiyar Inna ce ta tafi a kuɗin mota da guzuri. Mahaifina ya share zaurensa ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya karɓi Baba kamar wansa, bai bar shi ya ji nauyin komai ba. Allah ya jiƙan su duka biyun.

Asibitin ɗaki biyu ne da rumfa. Malami ɗaya, sai mai wanke miki, ga jama'a tun daga ƙauyukan nesa, mata da goyo, makiyaya, masu ciwon ido, rabin layin kuwa masu kurkunu ne da sandunansu. In ba ka zo da asuba ba sai gobe. Ranar fari ba mu samu shiga ba. Rana ta biyu malamin ya kwance tsumman, ya dubi ramin sakiyar, ya dubi maigidana, ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Ya ce, "Da kun ƙara kwana uku, Sakkwato zan tura ku, can kuwa ba ni da ta cewa." Ya tsaga wurin ya matse mugunya har ta cika tasa, ya wanke da ruwan jar kanwa, ya yi masa allura, ya ce kullum a dawo.

Maganarsa ɗaya ta zauna mini har yau. Baba ya tambaye shi ko sammu ne. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ciwon nan ba a ƙafa ya fara ba, a randa ya fara. Bara ka sha shi a ruwan tafki, bana ya fito. Mai shi ya tsoma ƙafa a tafki, ya zuba wa na baɗi." Ya ce a tace ruwa da ƙyalle mai kauri, in da hali a tafasa. Baba ya yi tsaki a lokacin, amma ya riƙe.

Mako uku muka yi muna zarya. Zaman layi ya ishe shi, sai ya ce da Kulu a zo da takardar. Ni ina can gefen mata da lulluɓi, na juya masa baya, ina karantawa. Kafin kwana uku rumfar ta zama tamu. Masu jira suka riƙa matsowa, har wani Bafillace da aka sallama ya ci gaba da zuwa don ya ji ko sun kai gulbin. Dattawa masu furfura suna gardama a kan ko zalɓe ya kyauta. Da muka kusa gindin ƙirya na rage murya, ban san wanne zan karanta ba. Baba ya ce, "Kulu, a karanta shi yadda mai shi yar rubuta. Wancan namu na, na gida." Na karanta na gaskiyar. Wata tsohuwa ta yi ta sharar hawaye tana cewa, "Wayyo bawan Allah," kamar ɗan'uwanta ne ya rasu. Mai wanke miki ma ya tsaya da tasa a hannu.

Kumburi ya saɓe a mako na biyu, zazzaɓi ya tafi, Baba ya fara neman tuwo da bakinsa. Ƙafa ta tsira, sai dai gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba har ya koma ga Allah bayan shekara tara. Da muka koma Horo Birni muka tarar mai gari ya kira gayya an nome mana gonar. Duk da haka abin da muka samu a shekarar bai kai rabin na kullum ba, sai da muka sayar da maraƙi kafin wata kaka.

Ga abin da nake so mai karanta wannan ya riƙe. Kada a ja tsutsa da ƙarfi, ko mene ne ke jira a gona. Kada a bari a sa ƙarfe a kumburi. Kada a ce sai an gama gwada na kowa sannan a nemi asibiti, mu mako biyar muka zubar a haka. Masu shawara da zuciya ɗaya suka yi, ban riƙe kowa ba, amma ba ɗayansu da ya kwana da ɗoyin. Kuma majinyaci ba magani kaɗai yake so ba. Yana son abin da zai sa ya jira gobe. Baba da kansa ya sa aka ɗaure farin ƙyalle a bakin kowace randa a gidan, in ya ga mai miki ya nufi tafki, da sandarsa yake koro shi.

Littafin kuwa ya fita daga adudu ke nan. Na karanta wa 'ya'yana tara, na karanta wa nasu, har takardun suka zama kamar ganyen kuka, na ɗinke su da zare sau biyu. Na ga littattafai da yawa bayansa, masu hotuna masu launi, yara su duba sau ɗaya su jefar. Wannan kuwa ban taɓa kai ƙarshensa ba tare da an ce mini a koma farko ba. Ban san wanda ya rubuta shi ba, ban san ƙasarsu ba, amma na sha sa shi a addu'a.

Bayan dawowarmu da kamar wata guda, an fara yankan gero, Baba ya fito tsakar gida karo na fari da sandarsa. Ina bayan zana ina tankaɗe. Na ji ya tsaya, na ji ya kira Kulu.

"Ki ce ma uwarki..."

Kulu tana tsaye tana jiran saƙo.

"A'a. Tahi wasanki."

Na ji takun sandar ya matso har jikin zanar. Na ajiye rariya na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Ke," ya ce. "Ke nika ma magana. Allah shi yi maki albarka. Allah shi ba ki masu yi maki abin da kinka yi man."

Shekara bakwai ban taɓa ba shi amsa da ta wuce ta gaisuwa ba. Ya tsaya, bai tafi ba, yana jira. Sai da na haɗiye kuka sannan na ce, "Amin, Baba."